Sirdi uku na canza, bayan dokina bai daina kumbura ba

"Assalamu alaikum Baba. Ni mazaunin Garwa ne, ina da ingarma akawal da aka kawo min daga wajen Chadi bara, shekararsa kamar bakwai. Doki ne mai ƙafa wallahi, sai mu yi kilomita 40 ko 50 a yini bai nuna gajiya ba, burina ma in kai shi 80. Matsalar sirdi ce. Tozonsa dogo ne siriri, bayan kafaɗa akwai rami ta kowane gefe, gadon bayan kuma gajere. Na canza sirdi uku, na ƙara bargo biyu har da soso a ƙasa, amma duk dawowa sai in ga kumburi, yanzu har farin gashi ya fara fitowa gefen tozon. Wani ya ce in yi odar sirdin Turai irin wanda ba shi da itace a ciki. Dan Allah ka ba ni shawara."

Wa alaikumus salam ƙanena. In na fahimce ka, dokin lafiyarsa lau a ƙafa da numfashi, bayansa ne ya ƙi karɓar duk sirdin da ka ɗora, kai kuma kana tsakanin ka ƙara shimfiɗa ko ka zuba kuɗi ka yi oda daga waje. To kafin komai ka cire soson nan yau ɗin nan, kuma kar ka sake hawansa sai kumburin ya sace gaba ɗaya. Sauran maganar tana da ɗan tsawo, sai ka yi haƙuri da ni.

Sirdin da muke hawan sallah da shi ba dan tafiyar yini aka yi shi ba. An yi masa tudu gaba da baya ne dan ya riƙe mahayi lokacin da ya sako doki a guje ya zo gaban Lamiɗo ya ja linzami ya yi zamiya, awa ɗaya awa biyu an gama an sauke kaya. Ko sirdin yana ɗan cizo doki zai jure, kwana biyu ya warke ba wanda ya sani. Amma kilomita 50 wani abu ne daban, wurin da bai fi faɗin babban yatsa ba in yana dannawa to zai danna ne a kowane taku tun hantsi har la'asar, ga gumi ga ƙura ga zafin Garwa da yake wuce digiri 40 a Maris da Afrilu. Masu gasar doguwar tafiya a waje, irin ta Tevis da ake yi a Kalifoniya ta Amurka tun 1955, ko ta Florak a Faransa, kilomita 160 suke cinyewa a hawa guda, kuma a kowane zango sai likitan dabbobi ya ga bugun zuciyar dokin ya sauka, yawanci zuwa 64 a minti, ya sa a yi sassarfa da shi ya ga ko yana ɗingishi, sannan ya shafa gadon baya da wurin majayi, wato ɗamarar da ke ɗaure sirdi ta ƙarƙashin ciki. Dokin da bayansa ya yi ciwo ana iya cire shi ko da shi ne a gaba. Kaga su ma abin da yake damunka shi ne yake damunsu, duk da kuɗinsu.

Inda sirdi ya kamata ya zauna

Doki yana da haƙarƙari 18 a kowane gefe, kuma nauyin mutum a kan naman da ya kwanta bisa haƙarƙarin nan ya kamata ya sauka, dama da hagun ƙashin baya, ba a kan ƙashin ba. Iyakarsa ta gaba allon kafaɗa ne, kuma allon nan ba a tsaye yake ba, duk sanda doki ya miƙa ƙafar gaba kansa na sama yana juyowa baya. Ka sa wani ya ɗaga ƙafar ya ja ta gaba kai kuma hannunka yana kan kafaɗar, za ka ji shi yana tafiya ƙarƙashin tafinka. Shi ya sa itacen sirdi yake farawa yatsu biyu zuwa uku bayan allon. Iyakar baya kuma haƙarƙarin ƙarshe ne, ka lalubo shi a kwiɓi ka bi shi sama har inda ya haɗu da ƙashin baya, daga nan zuwa kuturi babu abin da ya tallafe wurin, ba wurin ɗaukar kaya ba ne. Tsakanin iyakokin nan biyu shi ne duk filin da kake da shi, kuma a doki mai gajeren baya irin naka filin ba shi da yawa ko kaɗan.

Dawakan da ke shigowa mana ta Kusuri da kasuwannin Chadi yawancinsu jini ne a gauraye, akwai na Dongola masu dogon ƙafa da siririn ƙirji, akwai na Barbar, wani lokaci da ɗan jinin Larabawa, kuma dokin Larabawa an san shi da gajeren baya. Sai ka samu doki ɗaya ya ɗauko siririn gaba daga nan ya ɗauko gajeren baya daga can. Masassaƙi kuwa itacen sirdi yake sassaƙawa a kan awo ɗaya da ya gada, wanda zai zauna a kan dokin fada mai ƙiba da yake cin dawa a barga, kuma zai iya yiwuwa duk sirdi ukun da ka saya awonsu ɗaya ne, ado kawai ya bambanta.

Yanzu ka duba abin da nake zato yake faruwa. In bakin sirdin, wato gabansa da ke kifa kan tozo, ya yi wa dokin faɗi, sai ya zauna ƙasa ya hau kan tozo, nan ne za ka ga gashi ya goge a saman ƙashin. In ya yi masa ƙunci, sai ya tsaya sama ya cije gefe biyu, kai kuma ka ji kamar ana tura ka baya. Kai ka ce farin gashin a gefen tozo yake, kuma akwai rami bayan kafaɗa, wannan ya fi kama da cizo. Kuma ka san wani abu, ramin nan sau da yawa ba halitta ba ce, nama ne ya zube saboda an daɗe ana matse shi, ƙila tun kafin dokin ya zo hannunka. Abin da ya faru inaga shi ne, sirdin farko ya hau tozo, ka ƙara bargo dan ka ɗaga shi, bargon ya cike bakin sirdin ya mayar da shi matsattse. Kamar mutum ne hula ta matse shi ya naɗa ƙyalle a kai kafin ya sa ta. Soso kuma ya fi komai ɓarna, yana riƙe zafi, ba ya shan gumi, kafin a yi nisa ya lotse daidai inda ake buƙatarsa, kuma yana sa sirdi ya riƙa rawa sai ka ƙara ɗaure majayi.

Akwai matsala ta uku da ba a cika ganewa ba. Doki mai dogon tozo yawanci bayansa yana ɗan lotsawa a tsakiya, in itacen sirdin miƙaƙƙe ne sai ya taɓa gaba ya taɓa baya ya bar tsakiya a sama, duk nauyinka ya taru a wuri huɗu. In ka ga kumburi gaba kuma ka ga gashi ya birkice can baya wajen haƙarƙarin ƙarshe, to shi ne.

Awo da hannunka

Wannan ba ya cin ko sefa ɗari biyar. Ka nemi wayar wuta ta tagulla mai kauri wadda in ka lanƙwasa take tsayawa, kamar santimita 60, da kwali da alli. Ka tsayar da dokin a daidaitaccen wuri, ƙafafu huɗu a jere, kai a miƙe ba yana cin harawa ba. Ka sa alli a bakin allon kafaɗa, ka auna yatsu uku baya, ka ɗora tsakiyar wayar a kan ƙashin baya ka kwantar da ita gefe da gefe tana bin jiki, ka ɗauke a hankali kar ta buɗe, ka kwantar kan kwali ka zana ta ciki. Ka sake yi a inda bayan ya fi lotsawa, ka sake a haƙarƙarin ƙarshe, sannan ka kwantar da wayar a tsaye bisa ƙashin baya daga tozo zuwa baya dan ka samu lanƙwasar. Ka yanke kwalayen, ka rubuta dama da hagu da kwanan wata. Kar ka yi mamaki in ka ga gefe ɗaya ya fi ɗaya cika, dawakai da yawa haka suke. Da kwalayen nan za ka shiga kasuwa, ka kifa sirdi ka zura kwalin a cikinsa, nan take ka ga inda ya taɓa da inda ya bar fili, ba sai ka jawo doki ba.

Sannan gwajin kan doki, ba bargo ba komai. Ka ɗora sirdin can gaba kan tozo ka zame shi baya a hankali har ya tsaya da kansa, nan ne mazauninsa, kuma mafi yawan yaran barga suna ɗaure sirdi gaba da nan sosai. Ka zura tafin hannu ƙarƙashin itacen daga gaba ka ja shi baya, wani yana ɗan danna sirdin daga sama. Abin da kake so shi ne ka ji matsin iri ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Akwai wani doki da aka taɓa kawo min daga wajen Fitowa da irin ƙorafinka, da na sa hannu yatsuna suka maƙale a gaba sai da na fizgo su, a tsakiya kuwa hannun har wuyansa ya shige yana yawo. Mai shi yana tsaye, na kama hannunsa na sa masa ya ji da kansa, dan wani abin in ba ka ji a yatsa ba ba za ka yarda ba. In kana so ka gani da ido, ka barbaɗa garin alli a bayan dokin, ka ɗora sirdi a miƙe ka danna ka ɗauke a miƙe, ka kifa shi ka duba inda farin ya kama. A baƙin doki irin naka ma har a jikinsa za ka ga tambarin.

Tsakanin tozo da bakin sirdi a samu yatsu biyu zuwa uku, kuma kana kai a zaune za a auna, ba sirdi kaɗai ba, a sake aunawa bayan an yi ɗan tafiya ya zauna. Gefen tozon ma a samu sarari ba sama kawai ba. Hanyar da ke tsakanin allunan sirdin biyu ta kai yatsu uku zuwa huɗu tun daga gaba har baya, in ka leƙa ta baya ka hango haske.

Bayan ya warke ka gwada da farin ƙyalle siriri a ƙasa, ka yi tafiyar da zai yi gumi sosai, ka sauke ka duba nan take, dan in lokacin hunturu ne iska tana busar da gumin kafin ka juya. Busasshen wuri ƙarami a tsakiyar jiƙaƙƙen baya alamar matsi ce. Amma babban alƙali shi ne washegari da safe, ka bi gefen ƙashin baya da yatsu kana dannawa, in ya lotsa baya ko ya kwantar da kunne ko fatar ta yi rawa, sirdin bai ci jarrabawa ba komai kyansa.

Wane sirdi

Maganar sirdin da ba shi da itace, ni ba zan ba ka shawararsa a kan wannan dokin ba. Yana yi wa doki mai faɗin baya kamar ganga da mahayi mara nauyi, kuma akwai masu doguwar tafiya da suke amfani da shi lafiya. Amma aikin itace a sirdi shi ne ya raba nauyi ya kuma ɗage shi daga ƙashin baya, in babu shi nauyinka a inda ka zauna yake sauka, in ka miƙe kan likkafa kuma ya taru a inda aka rataye ta, wato kusa da inda dokinka yake ciwo yanzu. Sai an haɗa shi da wata shimfiɗa ta musamman mai rami a tsakiya, ita ma oda ce, in ta lotse a zafin nan namu ina za ka samu wata?

Akwai na waje masu ƙarfe a baki da ake canzawa, irin na kamfanin Wintec, ka sa mai faɗi ko mai ƙunci. Dabara ce mai kyau amma faɗin gaba kawai take gyarawa, ba ta gyara tsawo ba ta gyara lanƙwasa, kuma yawanci an yi su ne a kan dawakan can da suka fi namu girma. Ka biya kuɗin kaya, ka biya na jirgi, ka biya duwan wato kwastan, ya iso ya wuce haƙarƙarin ƙarshe da yatsu huɗu, ba wanda za ka mayar wa. In dole sai ka saya, ka tura wa mai sayarwa hoton kwalayenka da ruler a gefe da tsawon filin bayan a santimita, in bai tambaye ka awo ba ma ka san ba sana'arsa ba ce.

Tsohon sirdin soja, mai alluna biyu da rami a tsakiya, irin fasalin McClellan da sojan Amurka suka fara amfani da shi a 1859, dan tafiyar yini aka ƙera shi, ba shi da nauyi, iska tana shiga, kuma ya fi zama kan siririn doki. In ka ci karo da irinsa a hannu ka gwada. Sai dai ka duba itacen kar ya zama ya karye a ciki, ka tokare gabansa a cinyarka ka jawo bayan, in ya lanƙwashe ko ya yi ƙara ka ajiye musu abinsu. Shi ma yana da tsawo, ka auna.

Abin da ni zan yi in nawa ne, zan sa a yi masa nasa. Muna da masassaƙa da dukawa, Marwa ma ai garin aikin fata ne. Ka ce a yi maka itace gajere daidai filin bayan, bakinsa dogo sama dan tozo ya samu wuri, ƙarshen allunan na gaba a ɗan buɗe su waje dan kafaɗa ta wuce, na baya a ɗan ɗaga su sama kar su soki baya, a rage tudun gaba da baya, a bar ƙarafan ado. Huhun, wato matashin da ke ƙarƙashin itacen, a cusa shi da gashin tumaki in an samu, ya fi audugar rimi jure gumi dan ita tana dunƙulewa, kuma a bar baki da za a iya buɗewa a ƙara ko a rage. A ƙasa bargon ulu ɗaya a ninke, a ja shi sama cikin bakin sirdi kar ya kwanta kan tozo, a riƙa wanke shi ana kakkaɓe ƙaiƙayi da ƙarangiya.

Ga inda za ka yi hattara. In aka sassaƙa itacen daidai da ramukan da ke bayan kafaɗarsa yanzu, an kulle shi a ramar kenan, naman ba zai samu wurin dawowa ba. A yi shi da ɗan sarari, a cike ramin da ɗan ƙyallen ulu da za ka iya cirewa, ka sake awo bayan wata biyu ko uku. Dama bayan doki a ƙasar nan ba ya zama ɗaya, dokin da ka auna a Oktoba bayan ya ci ɗanyar ciyawa ba shi ne na Afrilu ba. Kuma naman baya da abinci da aiki yake dawowa, harawa mai kyau, dusa, maganin tsutsar ciki, da jan shi a hannu ana hawa tudu ana sauka.

Majayi ma yana da nasa. In mazauninsa a jikin dokin yana gaba sosai kusa da gwiwar ƙafar gaba, zai riƙa jan sirdi yana hawa kafaɗa, sai a matsar da inda aka ɗaure shi a jikin sirdin. Ya zama mai faɗi mai laushi, kuma a riƙa wanke shi. Igiyar ƙirji tana taimako a hawan tudu irin na wajen Mokolo, amma in a miƙaƙƙiyar hanya ma sai da ita sirdi yake tsayawa to sirdin ne bai zauna ba.

Sai kai kanka, kar ka ji haushi. Abin da aka saba ƙiyastawa shi ne doki kar ya ɗauki fiye da kashi 20 cikin 100 na nauyinsa, in dokinka kilo 350 ne to kai da sirdi da ruwa da komai kilo 70 kenan. Ka auna igiyoyin likkafa ka ga ko tsawonsu ɗaya, ta hagu tana miƙewa saboda ta nan ake hawa. Ka riƙa hawa daga kan dutse ko kututture, ka riƙa sauka kana jan shi na ɗan lokaci duk bayan awa guda, in kun iso kuma ka sassauta majayi ka bar sirdin minti goma kafin ka sauke, tsohuwar al'adar sojan doki ce kuma ni ina bin ta.

Daga nan inda nake ban sa hannu a bayan dokinka ba, duk abin da na faɗa a kan bayaninka na gina shi. Akwai abin da ba na sirdi ba ne. In kowane sirdi ka ɗora gefe ɗaya yake zamewa, a duba ƙafar baya, ɗingishin da ido bai kama ba yana jawo haka. In kumburin tozon ya yi zafi, ya yi ruwa ko ya fashe yana fitar da mugunya, kar ka tsaya gyaran sirdi, likitan dabbobi za ka kira, dan wurin yana rami ya yi zurfi har ƙashi, kuma wani lokaci ƙwayar cutar da ke sa shanu ɓari ce take kawo shi, musamman dokin da ke kiwo da shanu, tana kuma kama mutum, kar a taɓa da hannu tsirara. In fata ta buɗe a wanke da ruwan gishiri mai tsabta a kare ta daga ƙuda, a tambayi likita allurar tetanus dan doki ba ya jure ta, kuma dan Allah kar a shafa baƙin mai na mota kamar yadda wasu suke yi. Farin gashin da ya riga ya fito kam yawanci ya zauna kenan, abin da za ka sa wa ido shi ne kar ya ƙaru.

In za ka je wurin mai sirdi, ka ce masa kar ya rufe itacen da fata sai an gwada shi tsirara a bayan dokin. Zai ce maka shi ya san aikinsa tun kana yaro, ka ce ka yarda Baba amma dokin ne mai wuyar sha'ani, ka biya masa kuɗin mota ya zo barga da gizagonsa da magagari, a ɗora a barbaɗa alli a goge inda ya taɓa, a sake ɗorawa har sai farin ya kama allunan biyu daga gaba zuwa baya. Rabin kuɗi a farko, sauran bayan ka yi kilomita 20 da shi ka duba bayan da safe.